Dario Argento: Yadda tauraron gwanin fina-finan ban tsoro na Italiya ya dusashe

A watan Mayun 2012, masu shirya bikin baje kolin fina-finai na Cannes da ke Faransa suka ware wani lokaci da tsakar dare domin nuna sabon fim ɗin Dario Argento, daraktan nan na Italiya wanda ya yi suna wajen shirya fina-finan ban tsoro. Sunan fim ɗin Dracula 3D. A wani wuri a cikinsa, dodon nan mai shan jinin mutane ya rikiɗa ya zama wani ƙaton ƙoƙi-ƙoƙi kore shar, wanda aka zana da kwamfuta, ya far wa wani mutum ya hallaka shi. An shirya wurin ne domin ya tayar wa mai kallo da tsigar jiki, amma sai ya zama abin ba'a a bakin masu sharhi, har ya zamo shi ne abin da aka fi tunawa da fim ɗin.

Abin da ya sa lamarin ya yi wa masoyan Argento ciwo shi ne, mutumin da ya yi wannan fim shi ne dai ya yi Profondo rosso a 1975 da Suspiria a 1977, fina-finan da ake lissafawa cikin mafiya kyau a fagensu. Tsakanin 1970 da 1987 ya ba da umarnin fina-finai goma, kuma akasarinsu ana ci gaba da kallonsu ana nazarinsu. Daga 1993 zuwa 2022 ya ƙara fitar da wasu tara na sinima, ban da na talabijin, amma babu ko ɗaya a cikinsu da aka haɗu aka ce ya kama ƙafar na farko.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne tsufa ya cim masa, basira ta ƙafe. Wannan bayani bai isa ba, domin koma bayan ya faro ne tun yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai, shekarun da daraktoci da yawa ke kan ganiyarsu. Idan aka bi tarihin daki-daki, za a ga cewa ƙarfin Argento ya dogara ne ga wasu abubuwa uku da ba shi kaɗai ke da iko da su ba: kasuwar sinima mai kuɗi, gwanayen abokan aiki, da kayan aikin wani zamani. Da waɗannan suka gushe, sai raunin da yake tare da shi tun fil azal ya fito fili.

Daga teburin jarida zuwa bayan kyamara

An haifi Dario Argento a birnin Roma ranar 7 ga Satumban 1940. Mahaifinsa, Salvatore Argento, furodusa ne, mahaifiyarsa Elda Luxardo kuwa fitacciyar mai ɗaukar hoto ce. Ya fara aiki a matsayin mai sharhin fina-finai a jaridar Paese Sera, daga nan ya koma rubuta labaran fim. Shi da Bernardo Bertolucci ne suka taya Sergio Leone tsara labarin shahararren fim ɗin kaboyi na 1968, C'era una volta il West.

Fagen da ya zaɓa lokacin da ya zama darakta shi ne wanda Italiyawa ke kira giallo. Kalmar tana nufin launin ruwan ɗorawa, kuma ta samo asali ne daga launin bangon wasu littattafan labaran kisan kai da binciken 'yan sanda waɗanda kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929. A sinima, Mario Bava ne ya share fagen a farkon shekarun 1960. Siffofin irin wannan fim sanannu ne: makashi wanda ba a ganin fuskarsa, sanye da baƙar safar hannu, wani bare da ya ga aikata laifi bisa tsautsayi, ya shiga bincike da kansa, sai kuma asirin da ba ya tonuwa sai a ƙarshe.

Fim ɗin Argento na farko, L'uccello dalle piume di cristallo, wato tsuntsu mai gashin ƙarau, ya fito a 1970. Vittorio Storaro ne ya ɗauki hotonsa, mutumin da daga baya ya lashe kyautar Oscar har sau uku, Ennio Morricone kuma ya yi kiɗansa. A farkon labarin, wani marubuci Ba'amurke ya maƙale tsakanin ƙofofin gilashi biyu na wani ɗakin nuna zane-zane, yana kallon namiji da mace suna kokawa da wuƙa, ya kasa shiga ya kasa fita. Daga nan har ƙarshen fim yana ta jin cewa akwai abin da idonsa ya gani amma hankalinsa ya juya masa shi. Fim ɗin ya samu kasuwa a gida da waje, har aka riƙa yi wa Argento laƙabi da Hitchcock na Italiya.

Abin da ya sa aka sara masa

Domin a gane abin da ya ɓace daga baya, dole a fara sanin abin da ya kasance. Gwanintar Argento tana cikin yadda yake sarrafa ido da kunnen mai kallo.

A Profondo rosso, wato ja wur, jarumin ya ruga cikin wani gida inda aka kashe wata mata, ya ratsa wani dogon lungu da aka jera wa zane-zane. A cikin ƙiftawar ido, kyamara ta nuna fuskar makashin a cikin madubi a tsakanin zanen. Duk mai kallo ya gan ta, amma kusan babu mai lura, sai a ƙarshe in an mayar da shi baya. Kiɗan fim ɗin, wanda wata ƙungiyar samari mai suna Goblin ta yi mafi yawansa, ya hau saman jadawalin faya-fayan da aka fi saye a Italiya.

Suspiria labarin wata budurwa ce Ba'amurkiya da ta tafi makarantar koyon rawa a birnin Freiburg na Jamus, ashe matsafa ne ke riƙe da makarantar. Labarin ke nan, bai wuce haka ba. Abin da ya ɗaukaka fim ɗin shi ne launi da sauti. Mai ɗaukar hoto Luciano Tovoli ya riƙa sa ƙyallaye masu launi a gaban manyan fitilu, yana watsa ja da shuɗi da kore a kan bango da fuskokin 'yan wasa. Sannan aka wanke fim ɗin da tsohuwar fasahar Technicolor, wadda ke ɗora rini launi bayan launi a kan zaren fim, a ɗaya daga cikin injinan ƙarshe da suka rage a Roma. Argento ya so launukan su yi kama da na tsohon fim ɗin zane na Disney game da gimbiya da wadanni bakwai. Da yake tun asali ya so a yi labarin da ƙananan yara mata, sai ya sa aka ɗaga mariƙan ƙofofi sama, yadda 'yan wasan za su riƙa miƙa hannu kamar yara kafin su buɗe ƙofa.

A Tenebre na 1982, akwai wurin da kyamara ta tashi daga tagar wani gida, ta hau bango, ta bi ta kan rufi, ta leƙa tagogi, ta sauka a ɗaya gefen, duk a ɗauka guda ta fiye da minti biyu ba yankewa. An yi amfani da wata doguwar na'urar ɗaga kyamara ƙirar Faransa mai suna Louma, kuma aikin ya ci kwanaki. A Opera na 1987, wanda aka ɗauka a babban gidan wasan waƙe na birnin Parma, kyamara ta zama idon hankaka, tana shawagi a saman kawunan ɗaruruwan 'yan kallo. A fim ɗin ne makashi ke liƙa allurai a ƙarƙashin idon jarumar, yadda in ta rufe ido za su soke ta, dole ta kalli abin da yake aikatawa.

Duk waɗannan abubuwa suna da sifa guda. Suna buƙatar lokaci, da kuɗi, da ƙwararrun hannaye. Kowannensu an gina shi ne a gaban kyamara da katako da gilashi da fitila, ba abin da aka bari sai an koma gaban kwamfuta.

Raunin da ƙawa ta rufe

Ko a lokacin da yake tashe, masu sharhi ba su daina kama Argento da laifuffuka ba. Labaransa kan cika da ramuka. Mutanen cikinsu kan aikata abin da mai hankali ba zai aikata ba. Maganganunsu kan fito a sandare, kuma an san shi da ba wa kyamara muhimmanci fiye da 'yan wasa. An kuma daɗe ana sukarsa kan yadda yake ƙawata kisan mata, zargin da ya ƙara ƙarfi saboda hannun da ke sanye da baƙar safar a fina-finansa da dama hannunsa ne shi kansa.

Akwai kuma al'adar masana'antar Italiya ta wancan zamani, inda ba a naɗar murya a wurin ɗaukar fim. 'Yan wasa daga ƙasashe daban-daban kan yi magana kowa da harshensa, daga baya a ɗora muryoyi a situdiyo. Saboda haka baki da murya ba su cika tafiya tare ba.

A Suspiria da Inferno na 1980, waɗannan nakasu sun zama alheri. Fina-finan suna tafiya ne kamar mugun mafarki, kuma ba a tambayar mafarki dalili. Muryar da ba ta dace da baki ba, da mutumin da ya nufi inda bai kamata ba, duk suna ƙara wa mai kallo jin cewa ya shiga wata duniya. Amma wannan yana aiki ne muddin hoton da kiɗan suna da ƙarfin da za su riƙe mutum. Ranar da hoton ya zama gama-gari, babu abin da zai hana mai kallo lura da cewa labarin ba shi da kai.

Kasuwar da ta rushe

Sinimar Italiya ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu tana cikin mafiya girma a duniya. A 1955 an sayar da tikiti fiye da miliyan 800 a ƙasar. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Profondo rosso ya fito, adadin yana sama da miliyan 500. Wannan taron 'yan kallo ne ya ciyar da fina-finan kaboyi, da na 'yan sanda, da na barkwanci, da na ban tsoro, waɗanda ake shiryawa da yawa kowace shekara, ana kuma sayar da su ga ƙasashen waje. A cikin wannan hada-hada aka samu masu gini, da masu fitila, da masu kwalliya waɗanda suka goge saboda ba sa rasa aiki.

A 1976, kotun tsarin mulkin Italiya ta halatta kafa tashoshin talabijin masu zaman kansu a matakin yanki. Nan da nan tashoshi suka yi yawa, kuma babban abin da suke nunawa shi ne fina-finai, kyauta, dare da rana. Silvio Berlusconi ya kafa Canale 5 a 1980, zuwa 1984 kuma ya haɗa Italia 1 da Rete 4 a hannunsa. Mutane suka zauna a gida. Zuwa farkon shekarun 1990, tikitin da ake sayarwa a shekara ya faɗo ƙasa da miliyan 100, dubban gidajen sinima suka rufe.

Daga nan kuɗin shirya fim ya koma hannun gidajen talabijin, wato RAI ta gwamnati da kamfanonin Berlusconi. Mai kuɗi kuwa shi ke da magana. Dokar watsa shirye-shirye ta 1990, wadda aka fi sani da dokar Mammì, ta hana nuna fim ɗin da aka haramta wa 'yan ƙasa da shekara 18 a talabijin, wanda aka haramta wa 'yan ƙasa da 14 kuma sai bayan ƙarfe goma da rabi na dare. Ma'ana, fim mai zubar da jini ya zama hajar da babban mai saye ba zai iya amfana da ita yadda yake so ba.

Tsarar Argento duk sun ji a jikinsu. Bava ya rasu a 1980. Lucio Fulci ya ƙare da fina-finai masu ƙaramin kasafi kafin rasuwarsa a 1996. Lamberto Bava da Michele Soavi, waɗanda Argento ya ɗauki nauyin wasu fina-finansu, duk sun karkata ga aikin talabijin. Argento ya zama kusan shi kaɗai ne ya rage yana shirya irin wannan fim domin sinima, saboda sunansa yana iya jawo kuɗi. Sai dai kuɗin ya ragu, kwanakin ɗauka sun ragu, gwanayen da ya saba da su kuma sun tsufa ko sun watse.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ana yawan maganar Argento kamar shi kaɗai ya yi fina-finansa. Sunayen da ke jerin ma'aikata suna ba da wani labarin.

Mahaifinsa Salvatore ne furodusan fina-finansa na farko, kuma shi ne katangarsa. Argento ya sha ba da labarin yadda shugaban kamfanin Titanus, wanda ya zuba kuɗi a fim ɗinsa na farko, ya so a cire shi daga aikin bayan ya ga hotunan farko, mahaifin ya tsaya kai da fata ya ƙi. Salvatore ya rasu a 1987, shekarar da aka shirya Opera.

Sai Daria Nicolodi, jarumar Profondo rosso, wadda suka zauna tare kusan shekara goma, ita ce kuma mahaifiyar 'yarsa Asia. Tare suka rubuta Suspiria, kuma ta sha cewa labarin ya samo asali ne daga abin da kakarta ta ba ta, ko da yake Argento bai yarda da hakan ba. Ita ce ake dangantawa da karkatar da shi zuwa ga labaran tsafi da tatsuniya. Sun rabu a tsakiyar shekarun 1980. Bernardino Zapponi, wanda ya taya shi rubuta Profondo rosso, marubuci ne da ya yi aiki da Federico Fellini, kuma ba mamaki wannan fim ne ake ganin ya fi duk sauran tsararren labari. Franco Fraticelli, editan da ya yanka ya haɗa kusan dukkan fina-finansa tun daga 1970, aikinsa na ƙarshe a kan fim ɗin da Argento ya ba da umarni shi ne Opera. Ƙungiyar Goblin ma ta tarwatse, ko da yake ɗaya daga cikinsu, Claudio Simonetti, ya ci gaba da yi masa kiɗa.

Saboda haka ba banza ba ne masu sharhi da yawa ke ja layi a kan 1987. A cikin 'yan shekaru kaɗan Argento ya rasa mai kare shi daga masu kuɗi, da mai yi masa gardama kan labari, da mai gyara masa tafiyar hoto.

Neman sabuwar hanya

Bayan Opera, Argento ya nufi Amurka. A 1990 suka raba wani fim gida biyu shi da abokinsa George Romero, kowa ya ɗauki labari guda na Edgar Allan Poe. A 1993 ya yi Trauma a birnin Minneapolis. Amurka ba ta taɓa zame masa gida ba. Kamfanin Fox, wanda ya zuba kuɗi a Inferno, ya jingine fim ɗin shekaru bai sake shi a can ba, Phenomena na 1985 kuwa sai da aka datse masa kusan rabin sa'a aka canza masa suna. A Trauma ya rage launi ya rage jini domin ya dace da kasuwar, sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko: Amurkawa ba su kula ba, masoyansa na dā kuma suka ce an shafe masa kama.

Ya koma gida ya yi La sindrome di Stendhal a 1996, labarin wata 'yar sanda da hankalinta ke gushewa in ta tsaya a gaban zane mai ƙarfi. An ɗauki farkonsa a cikin gidan tarihi na Uffizi da ke Florence, Morricone ya dawo ya yi kiɗa, kuma masu sharhi da dama na ganin shi ne mafi nauyi cikin ayyukansa na baya-bayan nan. A cikinsa ne kuma ya fara amfani da zanen kwamfuta, inda aka nuna ƙwayar magani tana gangarawa cikin maƙogwaro. Tun a lokacin wurin bai yi kyan gani ba, kuma wannan matsala ta bi shi har ƙarshe. Zanen kwamfuta mai gamsarwa yana cin kuɗin da furodusoshin Italiya ba su da shi, mai araha kuwa yana tsufa da wuri.

Il fantasma dell'opera na 1998 ne ya fara girgiza har masu kare shi. Ya ɗauko tsohon labarin fatalwar gidan waƙe na Faris, ya cire wa fatalwar abin rufe fuska da munin halitta, ya mai da shi mutumin da ɓeraye suka rena. Non ho sonno na 2001, wanda Max von Sydow ya fito a ciki kuma Goblin suka sake haɗuwa dominsa, ya farfaɗo da fata, musamman farkonsa inda ake farautar wata mata a cikin jirgin ƙasa da dare. Amma fim ɗin maimaici ne na dabarun 1975. Il cartaio na 2004, labarin makashin da ke caca da 'yan sanda ta intanet a kan ran waɗanda ya sace, ya yi kama da shirin 'yan sanda na talabijin: haske fari fat, mutane tsaye a gaban kwamfuta suna jiran a juya karta.

Fina-finai uku da suka rufe bakin masu kare shi

Suspiria da Inferno kashi biyu ne na labarin wasu matsafa uku da ake kira Uwaye Uku, ɗaya a Freiburg, ɗaya a New York, ɗaya a Roma. Argento ya aro tunanin ne daga rubutun marubucin Ingila Thomas De Quincey na 1845. Masoya sun jira kashi na uku shekara 27. La terza madre, wato uwa ta uku, ya fito a 2007, bayan wasu marubuta Amurkawa biyu sun taya shi rubutu. Launukan nan masu rikita ido babu su. A madadinsu sai tsirara da fiɗar ciki, da matsafa masu kwalliyar 'yan gayu suna ihu a tashar jirgi. Labarin yana cewa birnin Roma gaba ɗaya ya haukace, amma kasafin bai wuce a nuna 'yan tsirarun mutane suna faɗa a gefen titi ba. Nicolodi ta dawo, sai dai a matsayin fatalwa mai walƙiyar kwamfuta.

Giallo na 2009 ba Argento ne ya ƙirƙiri labarinsa ba, kuma daga baya ya nesanta kansa da yadda furodusoshi suka yanka shi. Jarumin fim ɗin, Adrien Brody, wanda ya taɓa lashe Oscar, shi ya fito a matsayin ɗan sanda kuma shi ne makashin, sanye da hancin roba. Daga baya ya maka furodusoshin a kotu kan rashin biyansa cikakken haƙƙinsa, har wata kotu a Amurka ta dakatar da rarraba fim ɗin a 2010 kafin a sasanta.

Sai Dracula 3D, wanda ke da muhimmanci saboda wani dalili na daban. Tovoli, wanda ya ɗauki Suspiria da Tenebre, shi ne ya ɗauke shi. Simonetti ne ya yi kiɗan. Rutger Hauer yana ciki. Duk da haka fim ɗin ya fito kamar wasan daɓe. Fasahar 3D tana buƙatar haske mai yawa da manyan kyamarori masu wuyar motsawa, alhali duhu da yawon kyamara su ne jarin Argento.

Rabon laifi

Wannan fim na ƙarshe ya nuna cewa ba za a ɗora wa kasuwa dukkan laifi ba. An dawo masa da tsofaffin abokan aiki, abin bai gyaru ba. Haka ma Il fantasma dell'opera: Ronnie Taylor, wanda ya ɗauki Opera, shi ya ɗauke shi, Morricone ya yi kiɗa, Gérard Brach, marubucin Roman Polanski, ya taya rubutu. Shawarar sa ɓeraye su reni fatalwa, ko mai da Dracula ƙwaro, daga kan Argento ta fito. Akwai daraktocin da ƙarancin kuɗi ke sa su ƙanƙance labari su kaifafa shi. Shi kuwa ya ci gaba da hango manyan abubuwa da ƙaramin aljihu, babu kuma wanda ke kusa da zai ce masa a'a.

Zamani ma ya juya. Abin da ya kasance sabo a 1975 ya zama ruwan dare. Fina-finan makasa na Amurka, waɗanda suka bunƙasa bayan Halloween na John Carpenter a 1978, sun ɗebi dabarun giallo sun yaɗa su a duniya. Lokacin da Argento ya koma ga baƙar safar hannu a 2001, yana gasa ne da jikokin aikinsa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma duk lokacin da ya gwada sabuwar rawa masoyansa kan ce ya bar gida, in ya koma tsohuwa kuma su ce maimaici ne.

Akwai masu ganin an yi wa fina-finan baya rashin adalci, domin ana auna su da Suspiria, ma'aunin da ƙalilan ne za su iya tsallakewa. Suna nuni da cewa Inferno da Phenomena ma sun sha suka lokacin fitowarsu kafin a dawo a yaba musu. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan La sindrome di Stendhal, kuma gajerun fina-finai biyu da ya yi wa wani shirin talabijin na Amurka a 2005 da 2006 sun samu masu yabo. Amma shekaru sun shuɗe, ba a ga wani gagarumin sauyin ra'ayi a kan Giallo ko Dracula 3D ba.

Bayan shekara goma shiru

Daga 2012 Argento bai sake ba da umarni a sinima ba sai bayan shekara goma. Wani fim da aka nemi gudummawar jama'a ta intanet dominsa a 2014, wanda mawaƙi Iggy Pop zai fito a ciki, bai tabbata ba. A 2018 wani daraktan Italiya, Luca Guadagnino, ya sake shirya Suspiria da salonsa, abin da ya sa matasa da yawa suka nemi na asali. Nicolodi ta rasu a Nuwamban 2020.

A 2021, yana da shekara 80, ya fito a matsayin ɗan wasa a fim ɗin Vortex na Gaspar Noé, inda ya zama tsohon mai sharhin fina-finai, mai ciwon zuciya, wanda matarsa ke fama da cutar mantuwa. Ya sha yabo ƙwarai, abin mamaki ga mutumin da aka daɗe ana cewa bai damu da 'yan wasa ba.

A Fabrairun 2022 aka nuna Occhiali neri, wato baƙin tabarau, a bikin fina-finai na Berlin. Labarin wata mata ce da ta makance a hatsarin mota yayin da take gudun makashi, ta haɗu da wani yaro ɗan asalin Sin suka riƙi juna. Tarihin fim ɗin shi kansa ya taƙaita matsalar: tun farkon shekarun 2000 aka rubuta shi, aka ajiye saboda kamfanin furodusa Vittorio Cecchi Gori ya durƙushe, sai bayan kusan shekara ashirin aka kakkaɓe masa ƙura. Ra'ayin masu sharhi ya rabu, amma da yawa sun ce ya fi na bayansa, saboda ƙaramin labari ne da aka yi daidai ƙarfin aljihu, kuma akwai tausayi a cikinsa wanda ba a saba gani a wurin Argento ba.

A shekarar ce kuma gidan tarihin sinima na ƙasa da ke Turin, birnin da ya ɗauki da yawa daga cikin fina-finansa, ya shirya babban baje koli a kan aikinsa. An gyara tsofaffin fina-finan an sake fitar da su da launinsu na asali, har Tovoli da kansa ya sa ido a kan gyaran Suspiria. Mai son sanin dalilin girmama Argento, a nan ya kamata ya fara: Profondo rosso, Suspiria, Inferno, Tenebre da Opera. Idan ya gama, ya tsaya ya karanta jerin sunayen ma'aikatan kowane fim, sannan ya kwatanta da na fina-finan da suka biyo baya. Rabin amsar tambayar da ake yi game da Argento tana cikin wannan jeri.